Jinkar Ɗakin Gwaggo Hansai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga ƙanwarka Hajjo, a Ƙarfi, zuwa ga yayana Ummaru, a Salaga ta ƙasar Gwanja. Gaisuwa mai yawa, da ladabi, da begen ganinka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Rabi'atu da yara, ya yi wa fataucinka albarka, ya tsare ka daga sharrin hanya da zazzaɓin kurmi. Malam Abdussamad na masallacin bakin kasuwa ne ke rubutawa ina faɗa masa, kuma na roƙe shi kada ya sassauta mini magana. Mu nan an yi girbi, dawa ta yi kyau, auduga ma ta ba da. Ɗiyata Sabuwa ta sauka lafiya a Mahuta, namiji, an sa masa sunan Babanmu.

Bayan haka, Yaya, sai ka yi haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo Hansai rasuwa a tsakiyar daminar nan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na san za ka ji daga bakin fatake cewa tsufa ne da tari. Kai da ta goya a bayanta bayan rasuwar Inna, bai kamata a sallame ka da wannan ba, shi ya sa zan gaya maka yadda abin ya faru.

Ba ka san gidan da muke zaune ba, don ka riga ka tafi lokacin da mahara suka ƙone ƙauyenmu suka kashe mijina. Gida ne da wani attajirin marina, marigayi Malam Sada, ya bari hubusi saboda Allah, domin gwauraye da tsofaffi da makafi da waɗanda yaƙi ya koro. Ɗakuna ne na jinka a jere, ga rijiya, ga wata babbar gona da ya ce amfaninta na gyaran ɗakunan ne. Ya kafa sharaɗi a gaban shaidu cewa ba a korar kowa sai wanda ya bar ɗakinsa da kansa, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka muhutin alƙali zai zo ya tambayi mazauna gidan da bakinsu yadda ake riƙe su. Da ya rasu sai riƙon gidan ya koma hannun ɗan ƙanensa, Ɗanasabe. Mutum ne mai fara'a, Yaya. Bai taɓa wuce tsohuwa bai rusuna ya ce mata uwata ba. Amma tun da ya karɓi gidan ba a sake yaɓe bango ba, ba a sake baibaya ɗaki ba. Mu ke tsince masa audugar gonar, mu ke kaɗa masa ita, kuma duk ɗakin da mai shi ya mutu ba a sa wani mabukaci, auduga ake zubawa a ciki.

Ranar zuwan muhuti kuwa sai ka rantse gidan sarauta ne. A yaɓe zaure da bangon da ke kallon hanya, a share ƙofar gida, a yanka zakaru. Muhuti ya zauna a zaure a kan buzu, a tara mu daga bakin ƙofa, ya tambaya ko lafiya, mu ce lafiya lau, Ɗanasabe na tsaye a bayansa yana mana murmushi. Haka ake yi shekara da shekaru. Bana dai Gwaggo ta ƙi. Ta dogara sandarta ta ratsa mutane har gaban muhuti, ta ce masa ai marigayi bai ce a tambayi zaure ba, mutane ya ce a tambaya, in yana tsoron Allah ya tashi ya bi ta. Kunya ta sa ya tashi. Ta kai shi ɗakinta, ta ce ya ɗaga kai. Yana ɗagawa ya ga sama ta cikin jinkar. Ta zunguri tanka da sanda, gara ta zubo masa a rawani. Nan take ya ce lalle a gyara ɗakunan nan, a kuma fara da nata. Ɗanasabe ya durƙusa a gaban Gwaggo ya yi mata godiya, ya ce ta tuna masa amana, Allah ya bar musu irinta. Har muka koma ɗaka muna murna.

Bai taɓa komai ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Ran nan da hantsi ya zo da barorinsa, ya yi sallama, ya ce umarnin alƙali ya zo cikawa. Suka kewaye ɗakin Gwaggo, suka ɗaga jinkar ɗungurungum suka fita da ita. Ya ce sabuwa na nan tafe, shuci kawai ake nema. Kai ka san ba a samun shuci da damina, shi ma ya sani. Tsohuwar jinkar kuma ba su yar ba. A kan turken jakunansa suka kafa ta, can bayan rijiya, inda in Gwaggo ta zauna a bakin ƙofarta take hango ta. Da na same shi da maganar, cikin taushin murya ya ce mini in uwarsa, wato Gwaggo, ta ga ba za ta iya jira ba, ai ƙofa a buɗe take, ba mai korarta, sai dai sharaɗin marigayi ne cewa wanda ya kwana a wani wuri ya bar ɗakinsa. Na ce to ta dawo ɗakina. Ya ce madalla, ashe mutum biyu na iya zama a ɗaki ɗaya, da ma yana neman yadda zai haɗa tsofaffin gidan bibbiyu.

Ni dai na ce ta dawo, kome zai faru ya faru. Ta ƙi. Na yi kuka, na yi magiya, na kira mata Malam Abdussamad ya yi mata nasiha, ta ce an taɓa fitar da ita daga ɗakinta da wuta, ba za ta fita daga wannan da ƙafarta ba, kuma ba za ta zama dalilin da za a cusa makaho da kuturu a ɗaki ɗaya ba. Muka haɗu da matan gidan muka samo zana da karan dawa muka rufa mata rabin ɗakin. Washegari barorin suka zo suka yaye, wai ba a ƙara ko tsinke a kan dukiyar hubusi sai da izinin wakili, wato Ɗanasabe. Muka sake, suka sake yayewa, wannan karon suka tafi da zanar. Na je gidan muhuti, aka ce ya tafi ƙauye rabon gado. Na koma, ya leƙo ya ce ai ya ba da umarni, kuma ya ji an fara aiki, in ƙara haƙuri.

Yaya, na ga Gwaggonmu zaune a kan turmi a tsakiyar ɗakinta, ta kifa ƙwarya a ka, ruwa na zuba a kanta kamar a fili, ƙafafunta cikin taɓo. Bangon ya jiƙe ya fara zaizayewa. Tabarmarta ba ta sake bushewa ba, ɗan geron da ke cikin tukunyarta ya fara tsiro. In rana ta fito ta gasa ta, in hadari ya taso mata su tsaya a ƙofofinsu suna kallo suna share hawaye, kowacce na duban tata jinkar. Ɗanasabe kuma duk safiya sai ya biyo ya gaishe ta, ya tambaye ta kwanan gajiya, ya ce shuci ya kusa. Tari ya kama ta, ya koma ciwon haƙarƙari. Da ta daina gane mutane na ce a ɗauke ta, muna ɗagawa ta farfaɗo ta riƙe bakin ƙofa da hannu biyu, sai da muka mayar da ita. A nan ta cika, wata la'asar ana yayyafi, ina riƙe da faifai a kan fuskarta.

Shi ya kawo likkafani, farin saƙi mai kyau, shi ne kuma a sahun gaba wajen salla, har mutanen gari na yaba masa. Ba a yi sadakar uku ba sai ga sabuwar jinka, da shucinta da komai, ashe tana ajiye a gidansa tun rani. Yau ɗakin cike yake da auduga, ko ɗigo ba ya shiga.

Na kai ƙara gaban alƙali. Duk mazan gidan ba wanda ya yarda ya bi ni sai Malam Hussaini, wani makaho da ke ɗakin kusa da nata. Ɗanasabe ya ce an umarce shi ya gyara, ya kuwa gyara, kowa na iya zuwa ya gani. Jinkiri na shuci ne, kuma ba wanda ya ɗaure tsohuwa a ɗakin. Alƙali ya ce shaidar mace ɗaya ba ta isa ba, makaho kuma bai ga komai ba. Malam Hussaini ya ce gaskiya ne bai gani ba, amma ya ji ƙarar ruwa a kan ƙwarya, ya ji tarinta rabin damina, ya ji muryar wanda ya ce a yaye zana, ko kunne ma ba ya shaida? Aka ce ya zauna. Hukuncin da aka yanke shi ne, daga yau duk mai kuka a gidan ya fara kai wa wakili, shi zai isar wa muhuti, don a daina tayar da fitina. Ni kuma aka ce na ɓata sunan mutumin kirki, in nemi gafararsa. Aka sa na durƙusa a gabansa a bainar jama'a. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ai ni ƙanwarsa ce. Sannan ya juya ya shaida wa alƙali cewa ya lura jinkar ɗakina da ta Malam Hussaini su ma sun tsufa, da zarar hadari ya fara haɗuwa zai gyara mana. Alƙali ya sa masa albarka.

Mijin Sabuwa ya aiko in koma Mahuta. Ni ina da inda zan je, Malam Hussaini ba shi da kowa, kuma saboda ni ya buɗe baki. Don haka ina nan. Abin da nake roƙonka, Yaya, ba tufa ba ne, ba goro ba ne. Ka biyo ayarin farko ka zo kafin ruwa. Kai namiji ne, an san ka, in ka tsaya a gaban babban alƙali a Birnin Katsina za a saurare ka yadda ba a saurare ni ba. In ka makara, to ka riga ka san yadda za ka same mu.

Ka gaishe mini da Yaya Rabi'atu, ka yi mata ta'aziyya. Ka shafa mini kan Kulu da Nana da Bature, ka ce su sa kakarsu a addu'a. Sabuwa da mijinta suna gaishe ka, Malam Hussaini ma ya ce a sa gaisuwarsa ko da ba ku san juna ba. Gwaggo ba ta bar wasiyya ba. Maganarta ta ƙarshe da na iya ganewa a kanka ce. Ta ce ta ji ana cewa ruwan Gwanja ya fi namu yawa, in tambaye ka ko ɗakinka yana yoyo, in yana yi kada ka kwanta ta wajen bango, don tun kana yaro sanyi ba ya yi maka daɗi. Na ce mata zan tambaya. To, ga shi na tambaya.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka, Hajjo.
An rubuta a Ƙarfi, cikin watan babbar Salla, shekara ta 1296 bayan hijira.