Rigar Sanyin da Ka Sa Mini

Sadisu, aminina,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Gida lafiya. Matarka Rumasa'u ta fita takaba, 'yarku ta fara tafiya. A masallacin Huaisheng, in an idar da Juma'a, mutanen Maraɗi har yanzu suna yi maka addu'a da sunan da suka laƙaba maka, Mai-hawan-dutse. Zafi ya shigo Guangzhou, amma rigarka ta sanyi tana nan rataye a ɗakina.

Shekara uku kana jana zuwa tsaunukan arewacin lardin nan, ina ce maka ni ba akuyata ce ta ɓata a can ba. Ranar da na yarda, ka ce in nemi rigar sanyi ta gaske. Ni kuwa gwanin kasuwa, sai na zaro samfur daga kayan da na saro a kasuwar tufafi ta Baima, irin wadda muke kaiwa Kano. Na shafa ta, na ce ta isa, ai sanyi sanyi ne.

Ka tuna safiyar da muka wayi gari a kan dutsen? Ciyawa ta yi fari fat, tanti ya sandare, ruwan buta ya zama ƙanƙara. Haƙorana na ta kaɗawa, ko Fatiha na kasa ja daidai. Ka cire taka ka sa mini, ka zura tawa, kana tsokanata wai babban ɗan kasuwa ya sayi jabu. Haka ka wuni iska na ratsa ka. Na ga leɓenka ya sauya launi, Sadisu, kuma ban cire ba. Ɗumin ya yi mini daɗi. Bayan kwana biyu tari ya kama ka, a kwana na tara muka kai ka makwancinka.

Na san kwana ne ya ƙare, ni ma haka nake faɗa wa mutane. To me ya sa bai sanyaya mini rai ba?

Hoton da na ɗauke ka a ƙololuwar dutsen shi na tura gida. Rumasa'u ta gan ka cikin 'yar rigar nan shara-shara, kullum a waya tana cewa ganganci ka yi, ka bar ta da marainiya. Ta kasa yafe maka. Ni kuma sai in ce ta yi haƙuri, in ɓoye mata gaskiya.

Kayanka za su bi kwantenar Alhamis daga tashar jirgin ruwa ta Nansha. Na sa tanti da takalman, rigar ce ta rage. In ta gan ta, za ta tambayi dalilin da ba ka sa ba, kuma ni zan ba da amsa. In na riƙe ta, laifina zai zauna a kanka har 'yarka ta girma ta ji.

Sau uku ina ninke ta in sa a kwali, in sake fitarwa. Da kai ne na san abin da za ka yi, na gani da idona. Ni ne dai har yau na kasa cire ta in bayar.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini.

Naka,
Nafi'u, wanda ya ji ɗumi