Famfon Kifin Baba

Faskari,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bilki da yara. Ya aiki, ya Kaduna? Mu nan lafiya lau, sai kewar muryarka. Tun da aka katse layin waya a yankinmu na koma biro da takarda, sai ka yi haƙuri da rubutuna. Direban motar Funtuwa na ba wa wasiƙar ya kawo maka.

Maganar kifinka ce, ko in ce kifin Baba, don ya daɗe da gaje ka da ranka. Ka san tun da ciwon nan ya taɓa masa ɓarin hagu ya bar zuwa lambunsa na Mairuwa, ba abin da yake kallo da sha'awa sai akwatin gilashin da ka ajiye a falo. A gabansa yake karyawa, a gabansa yake jan carbi. To, ɗan famfon da ke juya musu ruwa ya tsaya. Wuta ba ta zuwa, janareta kuma ba mai, tunda an hana sayar da fetur a jarka.

Kai ka ce mini in ruwan ya kwanta iska takan ƙare musu, na kuwa gani da idona, sun taso sama suna buɗe baki. Yanzu ni ce famfon. Kofi nake sawa in ɗebo in tsiyayo daga sama kamar mai shayi, har kafaɗata ta yi tsami.

Ba kifin nake ji ba, Yaya, Baba nake ji. In suka mutu ban san abin da zai riƙa fito da shi daga ɗaki ba. Solarmu ta cajin waya tana nan zaune ba aiki. Don Allah ka nemo mana famfo mai aiki da batir.

Inna tana gaishe ku. Ka shafa mini kan Adnan.

Ƙanwarka,
Ummu Salma.

Faskari,
Oktoba, 2021.

Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin Adnan ya sauka. Saƙonka ya iso, na ji an ce sai an kawo irin famfon daga Legas. Ba komai, amma Baba bai jira ka ba.

Ya gan ni ina fama da kofi, sai ya aika aka kira masa Malam Rabo, abokinsa na lambu. Rabon da ya nemi wani da kansa har na manta. Suka zauna gaban gilashin suna shawara kamar za su ba fadama ruwa. Duk su biyun sun yarda cewa famfo in ba shi da ƙarfi ba famfo ba ne. Malam Rabo ya tafi Ƙanƙara ya dawo da wani mai aiki da batir, irin wanda ake jan ruwa da shi zuwa tanki. Da aka kunna, Yaya, ruwan ya hautsine kamar ana dama kunu. Yashi ya tashi, ciyawar ta tuge, kifin suka manne a kusurwa. Malam Rabo kuwa sai yabon injin yake yi.

Sai Baba ya yanke hukunci irin na manomi, ya ce a riƙa ba su ruwa safe da yamma, da rana a kashe injin su huta. Na ce masa ba albasa ba ne, ya harare ni. Kwana kaɗan muna haka, ranar Juma'a bayan an sauko muka tarar da jan kifin nan mai doguwar wutsiya, wanda yake kira Sarkin Ruwa, ya juya ciki sama.

Baba bai ci abinci ba ranar, bai kuma fito ba washegari. Na shiga kicin na yi kukana, don abin da nake tsoro ke nan. Na koma ga kofina, sauran suna nan da rai. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Ummu Salma.

Faskari,
Nuwamba, 2021.

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka gaishe da Anti Bilki, ka ce na gode da turaren. Yau albishir nake ɗauke da shi, sai ka tanadi goro.

Bayan wasiƙata ta baya, wata safiya Baba ya fito da sandarsa ya ce in kawo masa tiyo da ƙusa da kaskon wuta. Ashe kwanciyar da ya yi tunani yake. Ya ce ruwa in ya yi wa fangali ƙarfi ba kashe inji ake yi ba, raba shi ake yi. Ya sa na ƙona ƙusa, shi kuma ya huda tiyon jere da jere, ya toshe ƙarshensa da kara, muka kewaya shi ta bayan gilashin. Ya fitar da wani reshe yana zuba cikin bokiti mai tsakuwa da soso, ruwan ya tace ya komo. Yanzu ruwan yana tafiya a hankali ta ko'ina, ciyawar tana kaɗawa, kifin suna yawonsu. Da rana sola ke ja, in ta faɗi batir ya karɓa.

Kada ka zaci abin yana da kyan gani. Ɗaure-ɗauren roba ne da waya, Inna ta ce an mayar mata da falo lambu. Ga shi da neman hidima. Kullum sai gansakuka ta toshe hudojin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, a wanke soso, a juya sola ta fuskanci rana. Baba ya hana kowa taɓawa. Tun da safe yake fitowa tsakar gida da kansa. Malam Rabo kuma kullum yana nan, suna gardama a kan ko a ƙara huda. Jiya na ga Baba ya riƙe tiyon da hannun hagu, hannun da ko cokali ya ƙi ɗauka da shi. Na yi kamar ban gani ba, amma daɗi ya kusa kashe ni.

Famfonka ya iso shekaranjiya, Allah ya saka da alheri. Na gwada shi a baho a ɗakina. Ɗan ƙarami ne, ba ƙara, ba toshewa, a kunna shi kawai a manta da shi. Shi ya sa na mayar da shi kwalinsa na tura ƙarƙashin gado. In an buɗe layi kuka yi waya da Baba, ka ce masa har yanzu ba a samu ba.

Inna ta sani, kuma tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Ummu Salma.