Abin da Na Faɗa a Kan Auta a Ofishin Ilimi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Tun da kika tafi Kano jinya Allah ya karɓe ki a can, ban taɓa zama na rubuto miki ba. Abba yana lafiya, yana nan da shagonsa a kasuwar Shahe, nan Guangzhou ta China. Na kammala digirina, ranar da kika so gani. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba, maganar Auta ce. Na nemi izininsa kafin in sa ta a fili, ya ce in rubuta amma ban da hotonsa.

Auta ya gama firamare. Kin san a nan na'ura ce ke raba yara zuwa sakandare, sai dai yaro mai lalura a ware shi a duba inda ya dace da shi. Ranar da aka kira iyaye ina jarrabawar ƙarshe, Abba ne ya je da maƙwabcin shagonsa mai jin Sinanci. Aka tambaye shi ko yaron na da wata matsala. Abba ya ba da amsar da kowane uba a Kano zai bayar: lafiyarsa lau, kunya ce kawai. Bai yi nufin ƙarya ba. Haka ake amsa tambaya a kan ɗa a gaban baƙo.

Sai na'ura ta jefa shi wata makaranta can ƙetaren kogi, sai an canja jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na je na gani da idona: ɗalibai maƙil, ƙararrawa mai tsaga kunne. Ta kusa da mu kuwa, wadda ake zuwa da ƙafa, tana da ɗaki mai shiru da malama ta musamman ga yara irinsa. Ke kin san abin da ƙara ke yi masa. A waccan ba zai kai mako ba.

Ina tuna ranar da likita ya ce otizim ne, abin da mutanenmu ke kira galahanga. Kika ce kar ki sake jin kalmar a gidanki. Idan matan 'yan kasuwa sun zo ranar Juma'a suka tarar yana toshe kunne yana jijjiga, sai ki ce, "Ku ƙyale shi, Auta lissafi yake yi," kina dariya kina zuba musu shayi. Lokacin da ya ciji hannunsa har jini, riga mai dogon hannu kika sa masa a tsakiyar zafin Guangzhou. Ba ki taɓa bari wani ya ga abin da zai je ya ba da labari a Kano ba.

Ni na tona, Umma.

Na shigar da ƙorafi a ofishin ilimi, aka sa mana ranar zama. Wata maƙwabciyarmu 'yar China, wadda ɗanta ke da irin lalurar, ta tare ni a matakala ta ce kar in kwatanta musu ranarsa mai kyau, mafi munin ranarsa zan kwatanta, in ba haka ba amsar ita ce "meyo", wato babu.

Muka je ni da Abba da Auta, domin sun ce suna son ganin yaron. A bakin ƙofa Abba ya ce mini, "Ki bi a hankali, ki rufa mana asiri." Na ce to. Da na fara magana sai na hango mafita. Sinancin Abba na kasuwa ne, farashi da launi da "laoban, rage mini", wato maigida, rage mini. In na yi sauri ba zai iya bina ba. Sai na yi sauri.

Na faɗi cizon hannu. Na faɗi ranar da ya ƙwace ya faɗa titi a unguwar Liwan, mota ta kusa bi ta kansa. Na faɗi fitsarin da ya yi a aji lokacin da aka gwada ƙararrawar gobara. Na ce yana iya zama haɗari ga kansa. Abba na damata yana gyaɗa kai yana murmushi, ya zaci yabon yaron nake yi. Duk hankalina na kan fuskar Abba. Ban juya hagu ba.

Auta na hagu. A nan aka haife shi, da Sinanci ya yi firamare, ya fi ni jinsa nesa ba kusa ba. A gida ba ya yinsa da mu, mun kuma saba yin magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin, shi ya sa na manta. Ni da ba na manta ranar ƙarewar bizar kowa a gidan nan.

Tun daga ranar Auta ya canza mini. Ya daina zama kusa da ni, in na shigo falo sai ya kwashe takardun zanensa ya koma ɗaki. Da abin ya ishe ni na bi shi, na durƙusa na ce ya yafe mini. Bai kalle ni ba, kin san ba ya kallon ido. Ya ce, "Yaya, na daina cizo tun Umma tana nan. Ba ki faɗa musu na daina ba."

Gaskiyarsa. Duk abin da na faɗa ya faru, zan iya kawo shekarar kowanne. Amma cizon ya wuce. Titin ma ya wuce, yanzu shi ke riƙe mini hijabi sai danja ta ba mu hannu. Ke kika zauna da shi wata da watanni kina koya masa matsa ƙwallon roba maimakon sa haƙori. Aikinsa ne da naki, na kuma tsallake shi ina sane, don ina tsoron in na faɗa su ce to ai ya warke.

An ba shi makarantar kusa. Abba ya yi sadaka, yana ta faɗa wa mutane a masallaci karatuna ya yi rana. Na kasa gaya masa yadda aka yi. Malamar da za ta karɓi Auta ta karanta bayanina, yaron da na kwatanta take jira. Har ta aiko tana tambaya ko a ba shi kujera nesa da sauran yara.

Ranar Litinin zan je in gaya mata abin da na tsallake, cewa ya daina. Na tambayi ma'aikaciyar ofishin ko gyara bayani zai sa a sake duba gurbin, ta ce ba ta tsammani, amma ba ita ke yankewa ba. Takardar likita na nan, ƙara kuma har yanzu tana firgita shi, a kan waɗannan zan tsaya. In aka karɓe gurbin ban san yadda zan yi ba, ban kuma san da wane baki zan gaya wa Abba ba. Wataƙila da kina nan ki ce in yi shiru tunda an samu. Ko ba haka za ki ce ba? Na yi ta nema, Ummana, na kasa jin muryarki a kan wannan.

Na gaya wa Auta zan je. Ya daɗe yana juya fensir, sannan ya ce zai bi ni, yana so ya ji da kunnensa.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Ya bar wa Auta makarantar nan. Ni kuma ya daidaita mini harshe ranar Litinin, domin yaron zai kasance yana saurare.

'Yarki,
Asma'u