Matar da Ke Shara a Ƙofarmu

Zuwa ga ɗana Ajimi a Diffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Muhsinat da jaririyar. Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkacewar layin. Ni lafiya lau nake a Galtimari, ina tsince kifi a kasuwar Baga Road. Ƙafar ce kawai, ita ma da sauƙi.

Na ji kana shirin dawowa saboda maganar ɗan majalisarmu. Mu ma mun ji. Ya ce yaƙi ya ƙare, an sayi isassun makamai, kowa ya koma garinsu, wanda ya zauna a ƙetare kuma za a ɗauke shi baƙo.

Maƙwabciyata Kaltum ta nuna mini bidiyonsa a wayarta, yana jawabi a ƙofar gidanmu na can. Ajimi, ba akuya, ba kaza, ba yaro ko ɗaya. A bayansa wata mata tana shara, ba ta ɗago kai ba. Zanen jikinta shi ne shuɗin nan da na bari a kan igiya ranar da muka gudu. Shekara goma sha ɗaya, ko koɗewa bai yi ba.

Motoci biyu sun kwashi mutanenmu zuwa can watan jiya. Wayoyinsu suna shiga, ba mai ɗauka.

Don Allah kar ka taho. Su ce da kai baƙo, ni dai in na buga in ji muryarka.

Allah Ya tsare ku.

Mahaifiyarka,
Yagana