Awon Auta

Ranar Talata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka kuwa? Ina gaida Yaya, wadda na san ita za ta karanta miki. Yaya, ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. Tunda kunnen Inna ya daina jin waya, dole na koma ga biro.

Auta ta iso lafiya ranar Asabar. Na bar mata ɗakina, ni ina kwana a shago kan teburin yanka. Karatu take yi ba ji ba gani, sai na ƙwace littafin take cin abinci. Ba na ganin laifinta. Makarantar koyon jinya ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara ashirin da biyu, ita kuwa bana take cika su. Bara maki uku suka hana ta. Wannan jarrabawa ta ranar Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshe gare ta, mu duka mun sani, shi ya sa ba mai faɗa.

A bayan katin shigarta an rubuta dokoki. Na sa ta karanta mini sau uku har na haddace. Tufafi ba ado, ba ƙarfe, ba zif, ba aljihu. Hannun riga kada ya yi faɗi. Takalmi buɗaɗɗe. Ba agogo, ba ɗan kunne. Ana buɗe ƙofa ƙarfe bakwai, a rufe ƙarfe takwas. Da na duba jakarta, rigunan nan uku da kika haɗa mata ba wadda za ta wuce: biyu da zif, ɗaya da duwatsu a wuya. Na ce mata, Likita, ke dai ki ji da abin da ke cikin kai, abin da ke jiki aikina ne. Ta ce in dai ɗinkina bai yi kama da rubutuna ba, ta yarda.

Jiya na roƙi Maigida, mai shagonmu, ya ba ni awa biyu, na je bakin ƙofar wurin jarrabawar, don wani rukuni na rubuta tasu. Na tsaya gindin bango ina kallo. Na ga saurayi an sa shi ya cire bel, ya shiga riƙe da wando da hannu ɗaya. Na ga yarinya tana cizge maɓallan rigarta da haƙori tana kuka. Wani mutum ya kawo ɗansa a mota mai sheƙi takwas da minti uku, ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya koma roƙo, mai gadi yana kallon sama kamar mai jiran hadari. Ba a buɗe ba. Na auna hanyar da ƙafata, minti arba'in daga ɗakina. Bas ya fi sauri, amma ban yarda da shi ba. Da ƙafa za mu tafi.

Yadin da na samo ruwan toka ne, mai laushi, ba ya riƙe zafi. Doguwar riga nake yi, a zura ta kai, ko maɓalli ɗaya babu. Maigida ya leƙo ya ce shekara tara yana koya mini ado, ashe buhu zan ƙare da ɗinkawa. Ban taɓa zama a kan keken ɗinki da natsuwa irin ta wannan riga ba, Inna. Karatun ba ni da abin taimaka mata a ciki. Wannan ne iyakar abin da hannuna ya kai.

Ki ci gaba da yi mata addu'a. A gaida mutan gida baki ɗaya.

Ɗanki,
Tela

Ranar Lahadi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da Yaya da yara. Mu ma jikinmu lafiya lau, wannan na fara faɗa don hankalinki ya kwanta. Yaya, ki zaunar da Inna kafin ki ci gaba, kuma kada ki tsallake komai don ki sauƙaƙa mini.

An fitar da Auta daga ɗakin jarrabawa. Ni na jawo.

Mun bar gida ƙarfe biyar da rabi, shida da 'yan mintuna muna bakin ƙofa. Mu ne na farko, ko mai gadi bai gama shara ba. Rigar ta zauna mata ɗas. Da bakwai ta yi, matar da ke binciken 'yan mata ta fito tana gyara ɗankwali, ko kujerarta ba ta ajiye ba. Ta dubi Auta sama da ƙasa, ta ce da kowa zai zo haka da ta huta, ta shafa gefenta sama-sama ta ce ta wuce. Har ta tambayi wa ya ɗinka. Auta ta nuno ni. Na ji kaina ya yi girma, ban ɓoye miki ba. Na baya kuwa, da layi ya yi tsawo shugaban masu binciken ya fito, sai da aka bi su kalmasa-kalmasa, ana juya hannun riga, ana murza wuya. Duk wadda aka samu da 'yar takarda a ƙofa, kwandon shara ake nuna mata ta jefa ta shige. Ina tsaye ina tausaya musu.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba game da aikina, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. In na auna mutum, 'yar takarda nake yaga in rubuta awon, in naɗe ta ƙanƙanuwa in kafe ta da zare ɗaya a cikin kalmasar hannu, don kada aikin wani ya cuɗe da na wani. Wajen guga nake cire ta. Shekara tara ban taɓa mantawa ba, domin ban taɓa ba da riga ban goge ta da hannuna ba. Ranar Juma'a aikin kayan makaranta ya taso mana a shago, Auta ta zo ta ɗauki rigar, ta ce in bar mata, guga dai ta iya. Da na koma na gan ta a rataye sumul, sai kaina ya ce mini an gama.

Auta ta ce ta yi fiye da rabin tambayoyin lissafi, kuma suna zuwa mata da sauƙi, sai ta ji wani abu yana sukar ta a wuyan hannu. Ta sosa, bai bari ba. Ta sa yatsa ta jawo. Ta warware don ta ga mene ne. A haka mai sa ido ya same ta, takarda buɗe a tafin hannu, haruffa da lambobi reras, har da ɗan lissafin da nake yi in raba ƙugu gida huɗu. Ta ce masa awon riga ne. Ya ce kowa da sunan da yake ba tasa. Ya karɓe takardar amsarta, ya sa ta sa hannu a wani fom, aka rako ta waje mutum ɗari biyu suna kallo.

Ina zaune a inuwar bango tare da iyayen yara na ga an buɗe ƙaramar ƙofa tun goma ba ta yi ba. Wata mata kusa da ni ta ce, ga wata an kamo, kuma ji shigarta kamar ta Allah. Ban gane da Auta take ba sai da na ga ruwan tokar.

Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya gabana ta juya mini hannun rigar, ga guntun zaren nan yana lilo. Zarena ne, fari, ƙullin da nake yi. Ba sai ta yi bayani ba. Muka tako minti arba'in ɗin nan zuwa gida. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Da muka iso ta ce, Yaya Tela, ka ci abinci, tun asuba ba ka sa komai a cikinka ba.

Tun jiya nake juya abin. Da na ɗinka mata riga mai aljihu, da an bincike ta. Da mun makara rabin awa, da an juya hannun an jefar da takardar a kwando. Duk abin da na yi don in kare ta, shi ya buɗe mata hanya har cikin ɗakin.

An ce akwai ofishin da ake kai kuka. Gobe zan je. Kada ki saka ran komai, ni ma ban saka ba, amma zan je.

Ki yafe mini, Inna.

Ɗanki,
Tela

Ranar Laraba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Yaya. Saƙonki ya iso ta hannun direba, da man zafin da kika aiko, na gode. Kin ce haka Allah ya rubuta. Na sani, Inna. Amma rubutun da aka samu a hannunta nawa ne, shi nake gani in na rufe ido.

Na yi jinkirin rubuto miki mako uku don ina jiran in sami abin faɗa. Ofishin yana hawa na biyu, da dogon benci a baranda. Kwana huɗu na yi a kan bencin nan kafin a kira ni. Ban damu ba, zama sana'ata ce. Na san wanda ke zuwa da wuri, na san wanda ke ajiye hula a kan tebur ya fice don a ce yana nan. Akawun da takardarmu ke hannunsa dattijo ne, wuyan rigarsa ya cinye an juya shi, kuma wanda ya juya ya iya aiki. Da na ga haka na ji ɗan ƙarfi, na ce wannan ya san tela.

Ranar da aka kira mu na tafi da Auta da rigar da tef da littafin shago. Na roƙe shi ya fito da takardar daga ambulan, ya fito da ita. Na ce ya karanta, ni in auna. Ya karanta kafaɗa sha huɗu da rabi, na ɗora tef a kan rigar, sha huɗu da rabi. Hannu ashirin da biyu, haka. Tsawo hamsin da uku, haka. Har ma'aikatan ɗakin suka taso suna kallo, wata ta ce in na gama in auna ta ita ma. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don na ɗauka an gama.

Dattijon ya cire tabarau ya ce, Tela, ni tun ranar da na ga zamanka a bencin can na yarda da kai, sai dai ba a tambaye ni ko na yarda ba. Ya juyo mini da fom ɗin. Tambaya ɗaya ce: an sami rubutu a jikin ɗalibi a cikin ɗaki? Akwati biyu, e da a'a. Ya ce in nuna masa inda zai rubuta kafaɗa. Duk da haka ya rubuta bayani a wata takarda ya liƙa, ya aika sama. Ya ce in dawo bayan mako biyu. Na roƙi a hukunta ni a madadinta, ko a rufe ni, ko a hana ni ɗinki. Ya ce ba su da doka a kan teloli.

Shekaranjiya amsar ta sauko. Layi biyu ne. An soke jarrabawarta ta bana. Saboda bayanin da aka liƙa, ba za a hana ta sake rubutawa baɗi ba. Dattijon ya miƙo mini yana murmushi, yana ganin ya samo mana wani abu, kuma iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Ban iya gaya masa baɗi ba ta da amfani gare mu ba. Na yi godiya na sauko.

Na je makarantar jinyar ma, kada ki ce ban je ba. Matar da ke teburin shiga ta duba takardar haihuwar Auta ta ƙirga da yatsu, ta girgiza kai. Wani a bakin ƙofa ya ja ni gefe ya ce ana iya gyara shekaru. Na kawo wa Auta maganar, don a lokacin ba abin da ba zan iya ba. Ta ce an kore ta a kan ƙaryar da ba ta yi ba, ba za ta shiga da wadda ta yi ba.

Littattafanta ta ɗaure su da igiya ta ba 'yar maƙwabta. Kin ce ta dawo gida, na gaya mata. Ta ce ba yanzu ba, ba ta shirya amsa gaisuwar mutane ba.

Jiya da hantsi ta zo shago. Ta zauna a kan keken da ba kowa, ta ce in nuna mata yadda ake zura zare. Na ce ta tashi, wannan ba wurinta ba ne. Ta ce to ina ne wurinta? Sai na nuna mata. Na ba ta ƙyalle. Ta taka sau biyu keken ya koma baya, a na uku ya tafi. Ta ja layi daga wannan baki zuwa wancan. Maigida ya ɗauka ya ɗaga a haske, ya ce mini, kai sai da ka yi wata uku kafin ka yi miƙaƙƙe haka, yarinyar nan hannunta na tela ne. Yana nufin yabo. Na fita bayan shago na daɗe a tsaye.

Yau ma ta riga ni zama, tana can tana kalmasa ina rubuta miki wannan. In ta aiko miki da abin da ta ɗinka, Inna, ki karɓa ki sa, amma don Allah kada ki ce ya yi kyau a inda zan ji.

A gaida Yaya da yara. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Tela