Maniyyatan Gama Arba'in da Uku

Nassarawa, Kano
2 ga Satumba, 1980

Malam Falalu,
Gaisuwa da fatan alheri, ya Ikko? Ni ce Tamar, mai kula da kwamfutar kamfaninmu na jigilar alhazai. Na karanta jerin umarnin da ka rubuta wa na'urar. Yana sakin ayyuka huɗu lokaci guda, kowanne ya buga sunayen maniyyatan unguwa ɗaya. Amma amsar na ƙarshe kaɗai yake dubawa. In ɗaya ya mutu a hanya, zai ce komai lafiya. Don Allah a gyara kafin jirgi ya tashi.
Na gode,
Tamar Shawulu

Ikko
11 ga Satumba

Tamar,
Bayan gaisuwa, na ga takardarki, na yi dariya. Shekara uku na yi a Ingila kan wannan aikin, ke kuwa jiya-jiya aka ɗauko ki daga kan tafireta. Ina ruwan biri da gada? Ki danna abin da aka ce ki danna.
Falalu

Nassarawa
29 ga Satumba

Malam Falalu,
Ina gaida masani. Na danna. Aikin unguwar Gama ya mutu domin faifan ajiya ya cika, ba a buga sunayen maniyyatanta ba, amma na'urarka ta ce lafiya lau. Jirgi ya tashi ya bar mutum arba'in da uku a filin jirgi da jakunkunansu. Alhaji Zubairu, mai kamfani, ya ce da ni, "Wane jahili ne ya yi wannan?" Na ce marubucin yana Ikko.
Ni 'yar tafireta na gyara. Yanzu ana riƙe lambar kowane aiki, a jira su ɗaya-ɗaya, a karɓi amsar kowanne. In amsar sifili ce, lafiya. In ba sifili ba, a tsaya.
A huta gajiyar Ingila,
Tamar

Ikko
6 ga Oktoba

'Yar'uwa Tamar,
Ina gaisuwa ƙwarai. Ki rufa min asiri, ki ce wa Alhaji wuta aka ɗauke. Ba zan manta ba.
Naki,
Falalu

Nassarawa
13 ga Oktoba

Malam Falalu,
Na gaishe ka. Ba a ɗauke wuta ba, kuma ba na ƙarya. Mutum talatin sun samu wani jirgin, sauran sai baɗi in da rai. Gwaggonka Uwani tana cikin waɗanda suka rage. Kullum tana zuwa bakin ƙofarmu tana cewa, "A kira min Falalu, shi ya san na'ura, zai gano wanda ya cuce ni."
Na ba ta adireshinka.
Wassalam,
Tamar