Ruwa a Tayoyin Baya

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya bayan? Ƙanwarka ta ce tun da aka yi maka aiki a ƙashin baya ka fara takawa daga gado zuwa ƙofa, kana dafa bango kana yi wa ma'aikatan asibiti faɗa. Da na ji batun faɗan nan sai hankalina ya kwanta, na san sauƙi ya samu. Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka.

Sai dai taraktarka ta ƙi zaman lafiya da sabuwar gonar. Ka san wurin, kututture da ƙaya kamar shuka su aka yi. Direban da muka ɗauka, dogon nan, ba ya yin nisa sai tayar gaba ta sace. Shekaranjiya kuma ta baya ce ta huje, ruwan da ka ɗura mata don nauyi ya tsiyaye tas. Muka wuni muna kallon ta a karkace, ga hadari yana haɗuwa, ga rabin gona ba a huɗa ba.

Mai faci har ya gaji da ganina. Ya ce abu biyu ne, ko a ci gaba da ruwa, ko a ɗura kumfa. Kumfar wani haɗi ne da ake turawa ta bawul, ya cika taya ya daskare kamar roba, daga nan ba ruwanta da ƙaya ko ƙusa. Amma in ta shiga ta shiga ke nan, ba a ragewa, ba a fitarwa, sai ranar da aka yanka tayar. Shi kuwa ruwa ana barin iska a samansa, ita ke sa taya ta lotsa in ta taka dutse.

Kai ka san halin kayanka. Ka aiko mini da shawara kafin ƙasa ta bushe.

Taka,
Manaja, tunda haka kake tsokanata


Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, saƙonka ya iso, kuma gara in faɗa maka ban ji daɗinsa ba. Ka ce a ɗura kumfa duka huɗun, wai kai da tarakta yanzu sai kallo, a yi abin da zai hutar da direba. Da na karanta wurin nan na shiga ɗaki na sha kukana, na wanke fuska, na tafi gonar maƙwabcinmu, wanda tayoyin taraktarsa duk kumfa ce.

Na roƙe shi ya ɗora ni ya zaga da ni kan huɗa. Ni da bayana yake lafiya ƙalau, da riƙon ƙugu na sauko. Duk dutsen da tayar baya ta taka sai na ji shi har wuyana, don kujerar a tsakanin tayoyin bayan take. A nan na gano ka. Ka fi ni sanin haka. In aka ɗura kumfa a baya, ko ka warke ba za ka iya zama a kai ba, kuma ka fi son ka yanke hukuncin da kanka kafin wani ya yanke maka.

To ban yarda ba. Likita bai ce ba za ka hau ba, cewa ya yi sai a hankali. Ƙanwarka tana wurin, kuma ka san ba ta iya ɓoye magana.

Ga abin da na yi. Na gaba biyun, su da ke fara cin karo da ƙaya, an ɗura musu kumfa. Na baya an yi faci an mayar da ruwa, na tsaya a kan mai faci har ya bar iska daidai yadda kake bari. Ya ce za su sake hujewa, na ce na sani. Shi ya sa ni da ƙannenka da matansu muke shiga gaban tarakta da gatari da diga muna tumɓuke kututture. Tafin hannuna duk ya yi kanta, in ka dawo ban da dariya.

Ka yi fushi in ka ga dama, aikin gama dai ya gama.

Taka har kullum,
Manaja


Maigidana,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jiki. An gama huɗa, an yi shuka, ruwa ya sauka a kai. Tayar hagu ta baya ta huje kamar yadda mai faci ya faɗa, muka yi asarar yini, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Ba ka amsa wasiƙata ba, amma an ce ka sa an sayo maka sanda, yanzu har farfajiyar asibiti kake fita. Wannan amsar ta ishe ni.

Saura rigimar direba. Kullum kukansa gwiwoyinsa na dukan sitiyari, yana so a ja kujerar baya. Na ce masa ya lanƙwasa ƙafa, aro aka ba shi. Na ɗinka mata matashi mai kauri na ajiye a ɗakinka, shi ma ban ba shi ba.

Ka ci gaba da takawa, ba gaggawa. Kujerar tana nan inda ka bar ta, daidai tsawon ƙafarka.

Matarka mai jiran ka,
Manaja